Filawud, MDF ko bulokbod: wane katako ya dace da akwatin sifika?

Wanda ya ƙudiri haɗa akwatunan sifika guda biyu a gida yakan fara nufar kasuwar katako, alhali nan ya kamata ya je daga baya. Sifikar ake fara saye, sai a yanka mata akwati daidai da ita, kamar yadda tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Duk da haka, a wurin katakon aka fi yin asara, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Idan ka shiga Na'ibawa a Kano ko Fanteka a Kaduna, za ka tarar da faranti iri-iri, yawancinsu ƙafa 4 a ƙafa 8, wato santimita 122 a 244. Daga nesa duk kamarsu ɗaya. Kada fuskar katako ta ruɗe ka, bakinsa za ka duba. Filawud siraran fallaye ne da aka manne, kowane falle jijiyarsa ta gicciya ta wanda ke ƙarƙashinsa, kuma wannan giciyen shi ke ba shi ƙarfi ta kowane ɓangare. Ƙirga fallayen. Na itacen birch da ake kawowa daga Rasha da Finlan, mai kaurin milimita 18, falle 13 gare shi, shi ya sa masu haɗa manyan sifikun dandali suke sonsa. Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu fallayensa kaɗan ne, kuma sau da yawa akwai ramuka a tsakani. Ramin nan shi ne makashin sauti: ranar da bes ya buga sosai, sai ka ji wani zizza da ba ka san inda yake fitowa ba, ka yi ta zargin sifika alhali laifin katako ne. Ka ƙwanƙwasa farantin wuri-wuri da bayan yatsa. Inda ya yi amo kamar ganga, akwai kogo.

MDF kuwa garin itace ne da aka cakuɗa da gam aka danne. Ba shi da jijiya, ba shi da rami, yana yankuwa sumul, yana shan fenti da kyau, kuma ba ya yawan amsa amo, shi ya sa akasarin sifikun falo na kanti da shi ake yinsu. Aibinsa uku ne. Ya fi filawud nauyi. Idan ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. Sannan sukuru ba ya kama bakinsa sosai, yana ma iya tsaga shi idan ba a fara huda masa hanya ba. Ƙurarsa ma ba ta shaƙa ba ce, sai da takunkumi.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: akwatunan nan zama za su yi ko yawo? Idan a falo za su zauna ko a ɗakin karatu, MDF ya wadatar, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Idan kuwa na gidan biki ne, yau a bayan a-kori-kura, gobe a filin makaranta, jibi damina ta same su a waje, to filawud mai milimita 18 ba shi da madadi. Mai 12 yana yi wa ƙaramin akwati mai sifika inci 6 ko 8, amma ga inci 15 jikinsa rawa zai riƙa yi. Bulokbod, wanda cikinsa gutsattsarin katako ne aka jera aka rufe da falle, a bar wa masu wadrof. Wani kafinta ya taɓa lallaɓa ni da shi don arha, ban yi wata uku ba hannun ɗauka ya fita da naman katakon.

Sai zaɓi na biyu: rufaffen akwati ko mai hanci, wato mai bututun da iska ke fita. Rufaffe ya fi yafe kuskure. Ko awonka ya ɗan kauce, sautin zai fito a tsare, sai dai bes ɗinsa ba ya kai wa na mai hanci ƙarfi. Mai hanci yana ba da dundum ɗin da matasa ke so, amma faɗin bututun da tsawonsa lissafi ne, ba a yi da ka. Lissafin nan ya samo asali daga aikin injiniya Neville Thiele na Ostireliya a 1961, da Richard Small wanda ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Sifika mai asali tana zuwa da lambobinsu a takarda, wato Fs, Qts da Vas, ma'aunan yadda fatar sifikar ke motsi waɗanda ake lissafin akwati da su. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, sifika mai Qts ƙasa da 0.4 ta fi son mai hanci, wadda ta haura 0.5 kuma rufaffe. Idan sifikar da ka samu ba ta da takarda ko ɗaya, ni dai rufaffe zan yi mata in huta.

Girman ciki da lita ake aunawa. Akwati mai santimita 60 a 40 a 30 daga ciki lita 72 ne. Biyu irinsa za su kusa cinye faranti guda, ga kuma tokaren ciki da abin da zarto zai ci, don haka ka sayi biyu tun farko, daga tari ɗaya, don kauri ya zo daidai. Abin da aka rubuta 18 ba kullum yake cika 18 ba, je da abin awonka.

Wajen sayen sifikar, manyan lambobin wat da ake mannawa da sunan PMPO talla ce kawai, RMS za ka tambaya, wato ƙarfin da za ta iya jurewa a kai a kai. Duba om ɗinta kuma, wato ma'aunin turjiyarta ga lantarki: guda biyu masu om 8 idan aka haɗa su a layi ɗaya, jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 4, sai ka tabbata amfilifayarka za ta ɗauka. Idan za ka sa tuwita, ƙaramar sifikar siririn sauti, kada ka jona ta kai tsaye, sai da kurosoba, na'urar da ke tace mata bes, in ba haka ba bes zai ƙone ta a daren farko.

Game da haɗi, farin gam na katako shi ke riƙe akwati, sukuru matsewa kawai yake yi kafin gam ya bushe. Ƙusa zalla tana saki da girgiza. A bi duk kusurwoyin ciki da gam har iska ta rasa mafita, a gicciya tokare tsakanin bango da bango, a shimfiɗa audugar filo a ciki ba tare da toshe bakin hanci ba. Rufin waje kuma, kafet yana ɓoye ƙazantar aiki amma yana tara ƙurar hunturu, fenti mai kauri ya fi sauƙin gogewa. Akwatin da zai yi yawo a sa masa ƙarfen kusurwa da ragar gaba, a kuma ɗora shi kan ƙafar roba, saboda sanyin siminti da gara ta ƙasa suke farawa.