Likita ya tura ni daji

Wata uku cur ina kwana ido biyu. Hunturun Landan ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu kamar bayan isha'i, in dawo daga aiki in turo ƙofa, babu mai ce min sannu da zuwa. Da abin ya ishe ni na je wurin likitan unguwarmu, ina sa ran ƙwayar barci. Ya yi min tambayoyi kamar ɗan sanda, ya ce ciwon damuwa ke neman kama ni, ya haɗa ni da wata ma'aikaciya. Ita kuma ta miƙo min takarda, wai duk Asabar da safe in bi wata ƙungiya yawo a dajin Epping.

Wallahi raina ya ɓaci. Na zo neman magani a ce in shiga daji? Da na gaya wa Inna a waya salati ta saka: "Daji kuma, ɗan nan? Ko dai sun gaji da kai ne?" Ban ga laifinta ba. A wurinmu yanzu ka ce daji, Rugu ko Kamuku ne ke faɗo wa mutum a rai, sai kuma kuɗin fansa.

Na dai je, don kada a ce na ƙi. Jirgin ƙasa na Central ya sauke ni a Loughton, tafiya kaɗan sai ga ni cikin itatuwa. Hekta wajen 2,400 a gefen birnin da ɗaki ɗaya ke cinye rabin albashi! Ba ƙofa, ba tikiti, ba mai gadi da zai ce a ba shi na goro. Tun 1878 aka yi dokar da ta hana masu ƙasa killace shi, har yau ba wanda ya yanki fuloti.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Laka ta kai idon sawu, takalmina na zuwa Juma'a a ranar ya gama yawo, dole na sayi na roba. Sai karnuka. Mutanen nan kare ya fi musu ɗan ƙanensu. Wani ƙato jiƙe sharkaf ya taho a guje ya dafa min wando, uwar gijiyarsa tana dariya tana cewa ba ya cizo. Hajiya, wa ya yi maganar cizo? Da wandon nan zan yi azahar. Haka na koma gida ina wanki ina mita.

Amma daren nan na yi barci har na makara asuba.

Mu kusan goma ne. Akwai wani dattijo Bature da matarsa ta rasu, kullum da fulas ɗin shayi da kofi biyu. Sati uku muna jerawa ba mu ce wa juna uffan ba, ban da ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin ƙafa. A na huɗu ya miƙo min kofi na biyun. Shayin salam, ba citta ba kanumfari, amma na shanye. Ma'aikaciyar nan ta ce min binciken Jami'ar Exeter na 2019, kan mutum kusan 20,000, ya nuna masu yin minti 120 a mako cikin irin wuraren nan sun fi jin lafiya da kwanciyar hankali. Mu kuwa mai damuwa sai a ce ya rasa tawakkali, ko a nemo mai ruƙiyya.

Da zafi ya shigo na ci karo da shanu masu dogayen ƙaho suna kiwo, ba makiyayi, ba sanda. Wata na'ura ce a wuyansu ke yin ƙara in sun kusa wuce iyaka. Warin kashinsu kawai ya mayar da ni gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, inda su Baba ke majalisa bayan la'asar, kowa ya amayar da abin da ke cinsa. Bara aka sare ta, aka kafa shagon cajin waya, icen ya tafi gawayi. Da na yi faɗa, Yaya cewa ya yi inuwa ba ta biyan kuɗin makaranta.

Yanzu duk Asabar Inna ke fara kira: "Ka je dajin naka?" In ce na je. Sai ta ce to, a dai riƙa tafiya da wandon canji.