BeBot: Tana Tankaɗe Yashi, Amma Ɓarɓashin Roba Na Zillewa

BeBot na'ura ce mai batir da ake sarrafawa daga nesa, tana tankaɗe yashin bakin teku har zurfin santimita 10. Guntayen sigari da murafun gorar ruwa takan kwashe su tas, ba hayaƙi.

Sai dai idon rariyarta kusan santimita 1 ne, alhali ɓarɓashin robar da kifi ke haɗiyewa bai kai milimita 5 ba. Zubewa yake yi ya koma yashi, kuma wannan babbar matsala ce. Jiƙaƙƙen yashi kan toshe rariyar, don haka a bari ya bushe tukuna. Tana haɗawa da tsakuwa, dole a tsince. A bi bayanta da rariyar hannu mai ƙananan ido, musamman inda igiyar ruwa ke ajiye shara.