Duniya a bayan kunkuru, ko ƙwaƙwalwa ta hanci?

A Ingila masu karatun raha sun kasu gida biyu. Wasu na bayan Terry Pratchett, wanda daga 1983 ya rubuta littattafai 41 kan wata duniya mai siffar faifai, ɗore bisa giwaye huɗu, su kuma tsaye a bayan ƙaton kunkuru. A can Mutuwa namiji ne, yana da farin doki, ga son kyanwa. Masoyansa na ganin ƙirƙirar ce ke ba shi damar yi wa sarauta da banki shaguɓe ba tare da ya kama sunan kowa ba. Ni ma nan na karkata. Wanda ya sha dariyar Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja ya san daɗin.

Ɗaya gidan na Terry Deary ne, mai koya wa yara tarihi cikin barkwanci tun 1993: yadda Misirawan dā ke zaro ƙwaƙwalwar gawa ta hanci, da matan Sarki Henry na takwas su shida, biyu aka fille wa kai. Duk sun faru, amma yaro kan riƙe abin ƙyamar, ya manta musabbabin.