Rediyo mai cajin rana daga kasuwar Marwa

Wata 3 ke nan da na sayi wannan ƙaramin rediyo, kuma yana kama RFI Hausa tangaran a gajeren zango ko da an ɗauke wuta. Aibinsa ɗaya ne, eriyarsa ba ta da ƙwari, har na ɗaure ta da zare. Na saye shi ne saboda labaran da mutane ke tsoron faɗa a fili. A garin nan na Marwa da ke Kamaru aka kama Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa, a watan Yulin 2015, kotun soja ta ɗaure shi shekara 10, bai fito ba sai Disamban 2017 bayan an rage hukuncin a ɗaukaka ƙara, mu kuwa masu sauraronsa muka yi gum a teburin mai shayi, abin da har yau yake damuna. Yanzu a ƙofar gida nake kunna shi, maƙwabta na zuwa da tabarmi.