Sharhi kan mahaɗan JIC masu digiri 37 da na'urar buɗa bakin bututu

Aikina gyaran injinan da ke amfani da man haidirolik ne, irin su tarakta da katafila da motocin ɗaga kaya, kuma duk mai wannan sana'a ya san yoyo ne ke cinye mana lokaci. Famfo yana lafiya lau, silinda sabuwa fil, amma mahaɗi ɗaya mai ɗiga ya isa ya ajiye inji. Shi ya sa da na sayi akwatin mahaɗan JIC na ƙarfe, wato irin da ke haɗa bututun mai ta karkataccen baki mai digiri 37, tare da na'urar buɗa bakin bututu, na ƙi cewa uffan a kansu sai da na ga halinsu a jikin inji, cikin zafi da ƙura da girgiza. Na gamsu da su ƙwarai, sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ne nake so 'yan'uwa makanikai su fi riƙewa.

Mahaɗin kashi uku ne. Akwai jikinsa mai zare, wanda aka karkata hancinsa a kusurwar digiri 37. Akwai noti. Sai ƙawanyar ƙarfe da ke zama tsakanin noti da bututu. Ana buɗa bakin bututun ya baje kamar mazurari, shi ma a digiri 37, sai noti ya tura ƙawanya, ƙawanya ta danna bakin a kan hancin. Inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, nan ne kaɗai ake tare mai. Zare ba ya tare komai, aikinsa jawowa da riƙewa. Don haka farin tef ɗin masu gyaran famfo ba shi da gurbi a nan. Na sha karɓar inji na tarar an naɗe zaren da shi, raina ya ɓaci, domin bai hana yoyon ba, ga shi guntayensa na iya bin mai su toshe ƙananan ƙofofin bawul.

Asalin wannan tsari daga mahaɗan AN ne na jiragen saman sojan Amurka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya masana'antu suka ɗauka suka sassauta tsananin awon zaren don ya yi sauƙin ƙerawa. Yau ƙa'idar SAE J514 da ISO 8434-2 ne ke bayyana shi. Amfanin wannan a wurina shi ne, kayan da na saya sun hau na wasu kamfanoni ba gardama. Lambar girmansu ma tana da sauƙin riƙewa, domin ana raba inci gida 16 wajen auna faɗin bututu: lamba 4 kwatan inci, lamba 6 kashi uku cikin takwas, lamba 8 rabin inci, lamba 16 inci guda. Lamba 6 da 8 ne suka fi ƙarewa a akwatina.

Ingancin mahaɗan kansu ba ni da ƙorafi a kai. Hancinsu sumul yake, ko na shafa farce ba na jin kaushi, kuma kowanne ya zo da hular roba da ke kare shi. Kada a raina wannan hula. Ƙarzo ɗaya da ya ratsa fuskar hancin, wanda ido ma da kyar yake gani, hanya ce ga man da ke ƙarƙashin matsin bar 200, wato nauyin kusan kilo 200 a kan kowane murabba'in santimita. Mahaɗin da aka jefa tsirara cikin akwatin sifana ya riga ya lalace tun kafin a ɗaura shi.

Na'urar buɗa bakin ce ta fi burge ni. Irin mai kan da ke juyawa yana murza ƙarfe a hankali ce, maimakon ta tura shi da ƙarfi lokaci guda. Bakin yana fitowa da kauri iri ɗaya ko'ina, yana sheƙi, babu tsagewa a gefe. Amma ba ta rufa wa kowa asiri. In ba a yanke bututun daidai ba, bakin zai fito a karkace. In ba a kankare ƙaiƙayin ƙarfen da yanka ya bari ciki da waje ba, za ta murza shi cikin fuskar ya zama tabo. Ni na fi son zarto mai ƙananan haƙora a kan abin yanka mai faifai, domin faifan yana matse bakin ya taurara ƙarfen, sai ya riƙa tsagewa wajen buɗawa. Ɗigon mai a kan na'urar yana sauƙaƙa aikin sosai. Bututun kuwa ya zama na haidirolik mai taushi da aka yi don lanƙwasawa da buɗawa. Sannan a tuna a zura noti da ƙawanya kafin a buɗa, domin bayan an buɗa ba su da hanyar shiga. Faɗin bakin da ya yi daidai shi ne wanda ya rufe karkatacciyar fuskar ƙawanya bai zarce gefenta na waje ba. Ƙarami zai iya suɓucewa idan matsi ya hau, babba kuma zai ci zaren noti.

Inda na'urar ta gaza shi ne a kan ƙarfen da ba ya tsatsa da kuma bututu mai kaurin jiki. Maƙallinta yana sakin bututun ya zame baya, in na ƙara matsewa kuma haƙoransa su bar shaida a jiki. Ga ƙaramin bututu na ƙarfe mai taushi ta wadatar. Wanda aikinsa ya fi yawa a manya, gara ya nemi mai aiki da ƙarfin haidirolik.

Sai maganar ɗauri, wadda ita ce sharaɗin da na ambata. Da yawanmu in mun ga ɗiga, hannu ke zuwa kan sifana a ƙara ja. A wannan mahaɗi, jan da ya wuce kima shi ke kashe shi: bakin bututu ya sirance ko ya tsage, hancin ya lotsa ciki ya rage hanyar mai, wani lokaci notin kansa ya dare. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ƙidayar fuskokin noti. Noti fuska shida gare shi. A ɗaura har sai an ji sifana ta fara samun turjiya, a ja layi da alƙalami daga noti zuwa jikin mahaɗi, sannan a juya adadin fuskokin da teburin mai ƙera kayan ya nuna. Ƙananan suna kai fuska biyu ko biyu da rabi, manyan kuma kusan ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Layin yana da wani amfanin: duk wanda ya zo bayanka zai ga an ɗaure. Sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe jiki don kada tiyo ya murɗe. Takardar da ta zo cikin akwatina ba ta ɗauke da wannan tebur, sai da na nemo shi dabam, kuma ina ganin wannan babban gibi ne ga sabon shiga.

Wani tarkon kuma kamanni ne. Mahaɗin SAE mai digiri 45, wanda ake gani a firji da na'urar sanyaya ɗaki da layukan da matsinsu bai kai haka ba, zarensa ɗaya ne da na JIC a lamba 4 da 5 da 8 da 10. Zai hau lafiya, mutum ya ɗauka an gama, alhali fuskokin biyu a siririn layi kawai suka taɓa juna. A lamba 6 ne zaren ya bambanta, nan da nan ya tona kansa. Injinan Japan kuma suna zuwa da nasu mai digiri 30, wasu da zaren mitirik, wasu da zaren BSP, wato na ƙa'idar bututun Birtaniya. Ido ba ya raba 30 da 37 da 45 a cikin maiƙo da duhun ƙarƙashin inji. Ma'aunin kusurwa da ma'aunin zare sun zama dole, kuma da ni ne mai haɗa wannan akwati da na saka su ciki.

Game da matsi, ƙarfinsu yana raguwa yayin da girma ke ƙaruwa. Ƙananan na ƙarfe suna ɗaukar kusan bar 345, mai inci guda kusan 210, mai inci biyu kuwa wajen 100. A layin da ke shan bugu da girgiza ba dare ba rana, kamar na hamar fasa dutse, na ga suna fara gumi bayan wani lokaci. A irin wannan wuri na fi son mahaɗin ORFS mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da zoben roba. Amma inda zafi ke cin roba, ko inda ake bukatar gyara cikin hanzari da kayan da ake samu a sauƙaƙe, JIC ne zaɓina. Ana iya kwancewa a mayar, sai dai kowane ɗauri yana ɗan cin fuskar, don haka nakan duba ta da haske kafin in mayar.

Roƙona ga duk mai gwada sabon haɗi: kada a nemi yoyo da hannu. Siririn man da ke fita ta ƙaramar huda yana iya ratsa fata ko da matsin bai wuce bar 7 ba, ya bar tabo kamar na allura, alhali a ciki yana kashe nama. Wanda hakan ya sama a kai shi asibiti nan take a gaya wa likita mai ne ya shiga, domin sau da yawa sai an yi tiyata. A yi amfani da kwali wajen nema, kuma kafin a taɓa kowane noti a sauke kaya ƙasa, a kashe inji, a saki matsin da ya rage a layi.