Furen da ke buɗewa a tsakiyar sanyi a Ingila

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya da iyali. Tunda na san kai mutumin lambu ne bari in ba ka labarin kamiliya, wani ɗan icce mai ganye kore shar mai sheƙi, asalinsa daga Sin da Japan, dangin ganyen shayi ne ma. Lokacin da sanyi ya kakkaɓe duk bishiyoyi nan Ingila shi kuma sai ya fara fure, ja da fari da ruwan hoda. Irin da ake ce wa sasanqua tun Oktoba yake farawa, japonica kuma sai wajen Fabrairu zuwa Afrilu.

Abin da ya fi burge ni wallahi yadda suke sayar da shi ne. A gida mutum ya sayi dashe a leda sai dai ya gwada sa'arsa, nan kuwa kowace tukunya da katinta, an rubuta sunan irin, tsawon da zai kai, inuwa yake so ko rana. Kamiliya ba ta son ƙasa mai alli, sai ƙasa mai tsami, to har buhun ƙasa na musamman suke sayarwa an rubuta ericaceous a jiki, da ɗan abin gwajin ƙasa mai araha, kuma ma'aikacin wajen zai fara tambayarka wace irin ƙasa ce a gidanka kafin ya ce ka ɗauka. Ruwan famfon Landan ma alli ne da shi sosai shi ya sa mutane ke kafa durum a bakin indararo suna tara ruwan sama, kamar dai yadda muke yi da damina.

Sirrin kuwa a lokacin zafi yake, daga Yuli zuwa Satumba take haɗa tohon furen, in ta sha ƙishi a lokacin to da sanyi tohon zai zube tun bai buɗe ba. Kuma ba a dasa ta tana kallon gabas, don in ƙanƙara ta kwana a kan furen rana ta buge shi da sassafe sai ya ƙone ya yi baƙi-baƙi. Askin rassa kuwa sai ta gama fure.

Irin williamsii da wani mai lambu J.C. Williams ya haɗa a lambun Caerhays can Cornwall, kudu maso yammacin Ingila, shi na fi so, ya fi jure sanyi kuma furen da ya bushe da kansa yake faɗuwa. Ka gaishe min da Umma da yara.