Motar Gida ko ta Waje: Abin da Za Ka Auna Kafin Ka Biya Kuɗi

Gardama tsakanin masu son motar da aka haɗa a Najeriya da masu rantsuwa da ta waje ta daɗe, kuma yawancinta a kan suna da kishin ƙasa ake yin ta. Shi kuwa wanda zai zare kuɗinsa, abu uku ne a gabansa: sabuwa dal da aka haɗa a nan, sabuwa dal da ta sauka daga jirgi a haɗe, da ta hannu wadda ta yi shekaru a Amurka ko Turai, wadda muke ce wa Beljiyam, mutanen kudu su ce tokumbo. Ta biyun ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai bankuna da manyan kamfanoni. Zaɓin gaskiya yana tsakanin ta farko da ta uku.

Me ake nufi da "ta gida"?

A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. A wancan zamanin akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, da ANAMMCO mai haɗa Mercedes a Enugu. Faɗuwar naira daga 1986 da kwararowar motocin hannu suka karya yawancinsu. A 2013 gwamnati ta fito da sabon tsarin farfaɗo da masana'antar, wanda ya kai harajin shigo da ƙaramar mota kashi 70 cikin ɗari, kafin dokar kuɗi ta 2020 ta sassauta shi. Yau akwai Innoson a Nnewi, Dangote Peugeot a Kaduna wanda ya fara aiki a 2022, Nord a Legas, da masu haɗa Hyundai, Nissan da motocin Sin irin su GAC.

Sai dai haɗawa suna ta tara. Akwai SKD, inda bodi ke zuwa an riga an yi masa walda da fenti, a nan sai a ɗaura inji, giya, ƙafafu da kujeru. Akwai CKD, inda motar ke zuwa gunduwa-gunduwa, walda da fenti duk a nan ake yi. Ko wanne ne, inji da giya da kwamfutar mota daga waje suke zuwa. Shi ya sa in dala ta tashi, farashin motar gida ma tashi yake yi. Tambaya ta farko ga mai sayar maka da ita ke nan: injin nan na wane kamfani ne, mene ne lambarsa, kuma da wace mota suke musayar kayan gyara?

Wannan tambaya ita ce sirrin Peugeot 504. Tana da tsayin ciki da laushin ƙafa a kan gargada, gaskiya ne. Amma abin da ya sa ta mallaki titunan arewa shi ne, ko a ina ta tsaya maka, daga Argungu har Mubi, akwai bakanike da ya san cikinta, akwai kuma shagon da ke da fanbel ɗinta da kulocinta.

Inganci

Babban abin da sabuwar motar gida ta fi Beljiyam da shi shi ne ba ta da tarihi. Ba wanda ya taɓa buga ta, ba ta sha ruwan ambaliya ba, mitarta gaskiya take faɗa, kuma tana da garanti. Rauninta, in akwai, a wurin haɗi yake fitowa. Duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, dama da hagu. Sa a watsa mata ruwa da tiyo minti biyar, sannan ka ɗaga kafet da murfin safaya ka taɓa. Leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga wayoyi, a naɗe suke a ɗaure ko a sake suna gogar ƙarfe. Hau hanya mara kwalta da gilas a rufe da rediyo a kashe, ka saurari ƙarar dashbod da ƙofofi. Sannan ka nemi a rubuta maka adadin jakunkunan iska, da ko tana da ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki, da na'urar hana zamewa. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka dole ta cika sharuɗɗan gwajin karo kafin a sayar da ita, kuma tun ƙirar 2012 na'urar hana zamewa wajibi ce a can. Wannan fifiko ne na gaske ga ta waje, muddin ba a taɓa buga ta ba.

A nan gizo ke saƙar. Da yawa daga motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas daga gwanjon inshora aka saye su, irin Copart da IAAI, wato motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Ana gyara su, a fesa fenti, a jera su suna ƙyalli. Don haka kafin a fara maganar farashi, kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 daga ƙasan gilashin gaba, ka gwada ta da wadda ke jikin ginshiƙin ƙofar direba da ta takardar kwastam. Saka ta a intanet, sau da yawa hoton motar a filin gwanjo zai fito da raunin da ta zo da shi. Rahoton Carfax, kamfanin da ke ajiye tarihin motoci, kuma zai nuna mil nawa ta yi a can. Ka tuna mitar motar Amurka da mil take ƙirga: mil 120,000 kusan kilomita 193,000 ne.

Je ka gan ta da sassafe, injin a sanyaye, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska dole duk su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta, kuma sau da yawa jakar iskar ta fashe ne aka toshe gurbinta. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa: in ka ga zanen laka ko ka ji warin ruma, motar ruwa ce, ka bar ta komai arharta, domin wayoyinta da kwamfutarta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Buɗe murfin baƙin mai, in akwai farin kumfa kamar madara, ruwa yana haɗuwa da mai, gasket ya tafi. Man giya ya zama ja-ja, ba baƙi mai ƙauri ba. Sa a ɗaga ta ka duba ciki: motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye musu shasi da bututun birki. Ka duba kuma ko matatar hayaƙin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, tana nan, don ana yanke ta a sayar.

Ko lafiyayyar Beljiyam tana da cutar danginta. Camry 2007 zuwa 2009 mai inji 2AZ-FE, lita 2.4, an san ta da shan baƙin mai saboda ringin fistin, matsalar da Toyota da kansa ya amsa a Amurka. Ciro fulogi ɗaya ka gani, in ya jiƙe da mai ko ya yi baƙar dauɗa, ka san inda aka kwana. Honda Accord 2003 zuwa 2007 injinta mai silinda huɗu yana da juriya, amma bol-join ɗin ƙasa na ƙafar gaba ba ya jure ramukanmu, in aka bar shi ya saki taya fita take yi ana cikin tafiya. A sa na asali, a riƙa dubawa duk juyen mai. Corolla mai 1ZZ-FE ko 2ZR-FE, lita 1.8, ita ce mafi sauƙin riƙo a cikinsu, shi ya sa kuɗinta ba ya sauka.

Aiki a kan hanyarmu

Ƙarfin doki a takarda ba shi ne aiki ba. Abin da ke gwada mota a nan zafin Afrilu ne a cunkoso, ƙurar hunturu, ramuka, da fetur wanda ingancinsa ke bambanta daga gidan mai zuwa gidan mai.

Sababbin motoci da yawa, na gida da na waje, ƙaramin inji ne da su mai tabo (turbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, kamar lita 1.6 na Peugeot 3008. Suna da ja, ba su da shan mai, amma ba sa yafe sakaci. Suna son baƙin mai na roba daidai lambar da littafi ya faɗa, a kan lokaci, da fetur mai tsabta. In aka ɗura musu baƙin mai mai kauri 20W-50 don an saba, tabo ne zai fara tafiya, sarƙar tayimin ta biyo baya. Inji mara tabo ya fi haƙuri, irin lita 1.6 na Peugeot 301 ko na Corolla. Bambancinsu shi ne na 301 bel ne ke juya tayimin ɗinsa, in ya tsinke bawul za su lanƙwashe, don haka a zafi da ƙura irin namu kada a bar shi ya wuce kilomita 60,000, kuma a canza shi tare da tenshina da famfon ruwa. Na Corolla sarƙa ce, muddin ana juye a kan kari ba a cika taɓa ta ba. Giya nau'in CVT, wadda ke cikin Nissan da yawa da sababbin Corolla, manta daban ne, in aka zuba mata na giyar otomatik ta yau da kullum an gama da ita, kuma masu gyaranta ba su da yawa.

Wani abu da ya kamata a daina: cire tamostat, mai daidaita zafin inji, daga motar Beljiyam da haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Injin zai riƙa aiki ƙasa da zafin da aka tsara masa, kusan digiri 90, kwamfuta ta ɗauka bai ɗumama ba ta ƙara masa mai, shan mai ya ƙaru, ringi ya ci. Maganin zafi shi ne lagireto mai tsabta, murfi mai riƙe iska, da ruwan sanyaya na gaske maimakon ruwan rijiya mai sa tsatsa.

A tsayin ciki kuwa, yawancin salun ɗin Amurka ba su kai santimita 16 daga ƙasa ba, in an yi lodi su ƙara zama. Mai shiga ƙauye da damina ya fi buƙatar fikof ko jif mai haura santimita 20, kuma a wannan ɓangaren ne masu haɗawa a gida suka fi zuba ƙarfinsu: fikof, bas da motocin aiki.

Lissafin kuɗi

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, shan mai ya zama rabin magana. Wanda ke yin kilomita 20,000 a shekara, in motarsa tana shan lita 8 a kilomita 100, lita 1,600 zai saya. In lita 12 take sha, kamar yawancin masu silinda shida a cikin gari, 2,400 ne. Ninka lita 800 ɗin nan da farashin yau, sau shekarun da za ka riƙe ta. Wasu masu haɗawa a gida, ciki har da Innoson, suna fitar da motoci masu amfani da gas na CNG tun daga masana'anta, abin da ya fi tukunyar da aka ɗaura a bakin titi aminci, amma fa sai in akwai wurin ɗura gas a hanyar da kake bi.

A ranar sayarwa Toyota ta hannu ce ke cin riba. Ko yau ka kai ta bakin dillalai za ta samu mai saye. Sabuwar motar da ba a saba da sunanta ba tana zubar da daraja da wuri, saboda mai saye na biyu tsoron kayan gyara yake yi. Wannan asarar ba ta damun wanda zai riƙe mota shekara bakwai ko takwas, amma tana cin wanda ke canzawa duk bayan shekara biyu.

Garanti kuma a karanta shi kafin a sa hannu: shekara nawa, kilomita nawa, ya haɗa da giya da kayan lantarki ko inji kaɗai, kuma wane gareji ne aka yarda ya yi juye. Garantin da wurin cika shi ke Legas ko Nnewi alhali kana Gusau, kuɗin janwe kaɗai zai cinye amfaninsa. Ga mutumin Kaduna, Zariya ko Abuja, kusancin masana'antar Peugeot abin sawa a ma'auni ne.

Ta waje kuwa takardarta ce garantinta. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, don haka wadda aka ce maka ta biyo ta Kwatano a yi hattara. Kai lambar takardar diyuti ofishin kwastam a tabbatar an biya, kuma an biya daidai ƙirar shekararta. Da yake akwai ƙa'idar shekarun motar da za a shigo da ita, tsohuwar ƙira irin Corolla 2005 da aka ce "yanzu ta sauka" galibi a nan ta yi rayuwarta, aka wanke ta aka cire lamba. Ramukan kusoshin lamba a bamba da tabon sitika a gilas su ne ke tona ta.

Ma'aikata, makaranta ko kamfanin sufuri da zai sayi mota biyar ko goma ya riƙe su shekaru, sabuwar ta gida ta fi masa, in ya sa sharaɗin ajiye kayan gyara da horar da bakanikensa a cikin yarjejeniya. Magidanci mai mota ɗaya, wanda ba shi da ta biyu in wannan ta kwanta, lafiyayyar Beljiyam mai silinda huɗu mara tabo ta fi rufa masa asiri, ya kuma ware kamar kashi goma na kuɗinta don taya, batir, juyen dukkan mayuka da ƙafafu a watan farko.

Ko wacce ka karkata gare ta, kafin ka biya ka rubuta abu biyar: filtar mai, takalmin birkin gaba, shokazoba, famfon ruwa da fitilar gaba. Shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, Panteka in kana Kaduna, Apo in kana Abuja, ka tambayi shago uku farashinsu da sunan motar da shekararta. In an ɗauko maka huɗu daga kan kanta nan take, je ka yi ciniki. In kowa ya ce sai an aika Legas, tambaye su kwana nawa, ka lissafa kuɗin hayar da za ka biya a waɗannan kwanakin, ka ɗora a kan farashin motar.